Ranar Da Na Zargi Malam Modu Da Satar Tazara

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin ba, ranar da na riƙe makirufo a gaban Bulama, mai unguwarmu, da rabin matan unguwar Galtimari na kira wani bawan Allah ɓarawo. Abin da na ce ya sata kuwa ba kaza ba ce, ba atamfa ba ce. Tazara ce, ɗan farin filin nan da ake bari bayan aya idan ana buga rubutu. Har yau in na tuna sai kunnuwana su ɗauki zafi. Amma in faɗi gaskiya, haushin ma bai gama fita daga raina ba.

Kafin ku yanke mini hukunci, ku sani ni ba mai hayaniya ba ce. 'Ya'ya shida na raina, kuma maƙwabciyata ta jikin katanga ta taɓa tambayata ko wani wuri nake kai su in yi musu faɗa, don ba ta taɓa jin muryata ba. Maigidana, da ke sayar da busasshen kifi a Baga Road, yakan ce in zan yi magana sai ya kashe fanka tukuna. Irin wannan matar ce ta yi abin da za ku ji.

Ban yi boko da ƙuruciya ba. Sai da autata ta shiga sakandare sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi mana da yamma a wata firamare ta unguwarmu. Malamarmu Mama Saratu ce, wata dattijuwa Kirista daga kudancin Borno, wadda ta yi aikin buga takardu a ofishin gwamnati har ta yi ritaya. Ita ta kama hannuna na rubuta sunana karo na farko. Kafin nan duk inda aka ce a sa hannu, babban yatsana nake miƙawa a dangwala a tawada, in dawo gida ina ɓoye shi cikin lafaya.

Da muka iya karatu da rubutu, sai wata rana ta zo da tsohuwar tafiretarta a cikin keke mai ƙafa uku, an naɗe ta da zani kamar jaririya. Ta ce wadda ke so ta koya ta matso. Dokarta ta farko, wadda ta maimaita har muka riƙa yi mata amshi, ita ce: "In kin sa aya, ki danna doguwar sandar nan ta ƙasa sau biyu. Ɗaya na ayar ne, ɗaya na numfashinki."

Na riƙe wannan magana da hannu biyu, kuma ina da dalilin da ban gaya wa kowa ba. Ni ayar ba na ganinta sosai. Ɗigo ne kamar ƙwayar gero ta faɗi a kan farin buhu. Farin filin nan mai faɗi shi nake hangowa, in na ga yana tafe sai in sauke murya, in ja numfashi, in kama jumla ta gaba. An ba ni tabarau a asibiti, ba wai ba a ba ni ba, amma baƙaƙe ne masu kauri. Ranar da na fara saka su, babbar 'yata Falmata ta ce na yi kama da alƙali. Daga nan sai a cikin ɗaki kawai nake saka su, shi ma in ba baƙi.

Falmatar nan tana jami'a, tana da kwamfuta ta ɗauka a jaka, kuma ita ta nuna mini yadda zan yi rubutu a kai (na ba ta wannan, ta yi haƙuri da ni). Rigimar ta fara ne wata rana da ta leƙo ta kafaɗata.

"Umma, wa ya ce ki riƙa dannawa sau biyu?"

"Wadda ta koya mini."

"Ai an daina wannan tun kafin a haife ni. Sau ɗaya ake yi. Kwamfuta ta san yadda za ta bar wurin da kanta."

"Kwamfutar ta san lokacin da numfashina zai ƙare?"

"Ki duba fa, Umma. Duk giɓi, kamar bakin tsohuwa."

Raina ya sosu. Yarinyar da jiya-jiya nake tsefe mata kai, yau ita ce za ta ce matar da ta tsufa tana buga wasiƙun gwamnati ba ta san aikinta ba? Da babanta ya dawo muka kai masa ƙara. Ya saurare mu yana wanke hannu, sannan ya ce, "Ni dai kifi nake jerawa a kwali. In na bar fili a tsakani, karyewa yake yi a hanya." Falmata ta yi ta dariya. Washegari ya ci miyar kuka da gishiri kaɗan, kuma bai tambayi dalili ba, don ya sani.

Haka muka yi ta yi wata da watanni. Ta nuno mini littattafanta, in ce littattafan yara ne. Ta nuno mini jarida a waya, in ce masu jarida sauri suke yi. Ni dai hujjata ɗaya ce, Mama Saratu ta ce sau biyu.

Ana nan sai Mama Saratu ta gaya mana za ta koma garinsu, ƙafa ta fara damunta, 'ya'yanta sun matsa ta dawo kusa da su. Muka haɗu muka ce sai mun yi mata taron ban kwana, kuma ɗaya daga cikinmu ta karanta jawabin godiya da ta rubuta da kanta. Ya Hauwa, mai sayar da turaren wuta, wadda bakinta ya fi almakashi kaifi, ita ta nuno ni. "Maman Falmata ta fi mu iya karatu. Muryar ce dai sai an nemo ta da tocila, amma ai akwai lasifika."

Kwana tara na yi ina buga wannan jawabi. Da na sauke tukunyar rana sai in zauna, yatsa biyu, ina neman haruffa ɗaya bayan ɗaya, in wuta ta ɗauke in jira. Na sa duk abin da ke raina a ciki: yadda yanzu muke karanta katin asibiti da kanmu, yadda ba wanda zai sake karanta mana saƙon waya ya rage abin da ya ga dama, yadda yatsunanmu suka huta da tawada. Ina so ta ji wannan daga bakina, a tsanake, da irin karatun da ta koya mini, kafin ta tafi. Wannan kaɗai nake so. Bayan kowace aya kuwa, taf-taf, sau biyu. Jawabin ya cika shafi uku, layin ƙarshe ya tsallaka zuwa shafi na huɗu shi kaɗai: "Allah ya kai ki gida lafiya, Mama." Na ji daɗin yadda ya tsaya shi ɗaya a farar takarda.

Ranar Juma'a na ce wa Falmata ta sa shi a filas, ɗan abin nan da ake kwafar rubutu a ciki daga kwamfuta, ta kai shagon Malam Modu da ke bakin titi a fitar mini a takarda. Malam Modu mutum ne dattijo mai kunya, shi ke buga wa ajinmu duk wata takarda, bai taɓa ɗaure mana fuska ba. Ta dawo da ambulan. Ban buɗe ba. Hannuna duk manja ne a lokacin, sai na ce ta sa mini a ƙasan akwati.

Ranar Asabar na sha lalle, na ɗaura sabuwar lafaya ruwan toka da na sayo a Kasuwar Litinin, na tsaya kan kaskon turare har ta kama. Na ɗauko tabarau na saka, na kalli madubi. Alƙali ya kalle ni. Na cire su na mayar cikin durowa. (Ku riƙe wannan wurin, za mu dawo kansa.) Na ce a raina ai na san jawabina, kuma filayena suna nan za su riƙe ni.

Bayan la'asar aka taru a ƙarƙashin darbejiyoyin makarantar. Matan cocin su Mama Saratu sun zo da zani iri ɗaya, sun yi mata waƙa. Bulama ya yi nasa bayanin. Malam Modu yana gefe kan kujerar roba, kusa da lasifikar da ya ara mana, yana lura da ita. Sai aka kira ni.

Na yi sallama. Daga baya wata ta ce ba a ji. Malam Modu ya miƙa hannu ya murɗa, ya ƙara murɗawa, har na ji numfashina yana fita ta lasifika. Na buɗe ambulan, na zaro takardu. Uku. Na leƙa cikin ambulan, na girgiza shi. Uku dai. Duk da haka na ce bari in fara.

Da na dubi shafin farko sai na ga kamar an yi masa shafe da siminti. Baƙi ƙirin daga wannan gefe zuwa wancan, kalma na bin kalma, babu inda ido zai sauka. Na fara karantawa ina jiran farin fili ya zo. Bai zo ba. Na ci gaba. Na wuce layi na biyu, na uku, na huɗu, duk da numfashi ɗaya, muryata tana ta sirancewa kamar ta ɗan akuya, har iska ta ƙare mini a tsakiyar kalmar "asibiti". Na ce "asi", na tsaya na ja numfashi da ƙarfi, lasifika ta watsa shi ko'ina, sannan na ce "biti".

Aka fara 'yan ƙus-ƙus. Na sake kamawa. Wannan karon don tsoro sai na riƙa tsayawa duk inda na ga dama, bayan kalma uku, bayan kalma biyar, kamar keken da mai ya kusa ƙare masa. Ni kaina ban gane abin da nake faɗa ba. Na saci kallon Mama Saratu, na ga ta karkatar da kai tana ƙoƙarin kama maganar, kuma ba ta kama ba. Kwana tara na aiki, ga shi yana zubewa a gabanta.

Sai Ya Hauwa ta ce daga layin gaba, ba ta ma rage murya ba, "'Yar'uwa, ki sha ruwa. Ba wanda ya biyo ki."

Dariya ta ɓarke. A nan ne wani abu ya tsinke a kaina. Ban san ina da irin wannan murya ba sai ranar.

"Jama'a ku yi haƙuri," in ji ni, "ba laifina ba ne. Shafi huɗu na bayar, uku aka dawo mini da su. An kwashe mini tazara gaba ɗaya, ko ɗaya ba a bar mini ba. Malam Modu, ka ji tsoron Allah. In rowar takarda kake yi ai sai ka faɗa, da na aiko da tawa daga gida. Ka matse mini rubutu kamar kayan gwanjo a buhu, har addu'ar ƙarshe ka cinye. Wannan sata ce, ko ba a kira ta sata ba."

Ku tuna shi da kansa ya ƙure mini lasifikar saboda ƙaramar muryata. Maganar ta tsallake katangar makaranta, masu keke biyu suka tsaya a bakin ƙofa suna leƙe.

Malam Modu ya miƙe a hankali, ya dafa ƙirji, ya gyara hularsa. Da Hausarsa mai ɗauke da Kanuri ya ce, "Hajiya, wallahi abin da ke cikin filas shi injin ya fitar. Ni ko karantawa ban yi ba. Tazarar ma, in na sata, ina zan kai ta?"

Na buɗe baki zan ƙara, sai na hango wata ta miƙe daga can baya, inda 'yanmata ke raba zoɓo. Falmata ce, riƙe da faranti.

"Umma," in ji ta, "ni ce."

"Ke ce me?"

"Na ga a gaban manyan mutane za ki karanta, sai na ce bari in gyara miki kafin in kai. Dannawa ɗaya na yi, duk suka koma ɗaya-ɗaya. Addu'ar tana nan, ta hau ƙasan shafi na uku."

Dannawa ɗaya. Abin da na yi kwana tara ina dasawa da yatsa biyu, ta share shi da dannawa ɗaya, kuma wai gyara. Har yanzu da nake rubuta wannan sai da na ajiye na sha ruwa.

Mace mai hankali a nan za ta ba da haƙuri ta zauna. Ni ban zauna ba. Na ga saura mini mafaka ɗaya, sai na juya wajen malamata, makirufo na hannuna har yanzu. "Mama, don Allah ki gaya musu. Ki gaya wa yarinyar nan. Ba sau biyu ake dannawa ba?"

Mama Saratu ta murza sandarta. Sannan ta yi murmushi irin nata mai sanyi.

"A tafireta sau biyu ne, 'yata. Amma ni tun da aka kawo mana kwamfuta a ofis na koma sau ɗaya, har na yi ritaya. Ku ne na ga kuna wuce aya a guje kamar ba ku gan ta ba, sai na bar muku tsohuwar dokar don ku samu wurin tsayawa." Ta ɗan duƙo tana kallon fuskata. "Ina tabaraunki?"

Da ƙasa ta buɗe a lokacin da na yi mata godiya na shige. Wata nawa ina faɗa da 'yata saboda mutuncin matar nan, ashe ita tuni ta bar layin. Ga shi kuma ta tono abin da na binne a durowa.

"Na manta su a gida," in ji ni.

"Ba ta manta ba," in ji Ya Hauwa. "Ba su shiga da lafayar ba ne."

Wannan karon har Bulama sai da ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na motsi. Mama Saratu ta yafito ni. Na je na durƙusa a gabanta, ta cire nata tabarau, masu igiya a wuya, waɗanda suka ninka nawa kauri, ta saka mini da hannunta. "Je ki faro daga farko," in ji ta. "Ban ji komai ba ɗazu, kuma nawa ne, ina so in ji."

Na koma. Ga ayoyina nan reras, kowace tana zaune a wurinta, ba wadda aka taɓa. Na karanta a tsanake, lalle da turare da tabarau ɗin wata a fuskata. Da na kai wurin yatsa da tawada na ji matan ajinmu suna cewa haka ne. Na samu addu'ata a ƙasan shafi na uku, na karanta mata. Mama Saratu ta goge ido da bakin zaninta, ta ce hasken rana ne ya dame ta tunda na karɓe mata tabarau.

Kafin a tashi na sake karɓar makirufo na roƙi Malam Modu gafara, don a nan na ɓata shi, a nan ya kamata in wanke shi. Sai dai muryata ta riga ta koma gidanta na da. Ya miƙa hannu zai ƙara lasifikar, ya tsaya, ya dube ni, ya janye hannunsa. Ban ga laifinsa ba.

Washegari na dafa burabusko da miyar kifi na kai masa shago da kaina. Ya karɓa da godiya irin tasu ta Kanuri ya ce, "Wushe, Hajiya, ya wuce." Falmata kuwa na zaunar da ita ta mayar mini da tazarata, ɗaya bayan ɗaya, da hannu. Ta ce akwai hanyar da za a yi da dannawa ɗaya. Na ce na san akwai. Ta yi su da hannu. Aka sake kai wa Malam Modu don Mama Saratu ta tafi da jawabin yadda na rubuta shi. Da injin ya fitar, sai ya shimfiɗa takardun a kan tebur yana nunawa da yatsa: "Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Hajiya, a duba da kyau kafin a bar shagon." Har yau in na wuce ta gabansa yakan ɗago ya ce, "Hajiya, yau ba abin da ya ɓace?" A unguwa kuma akwai masu ce mini Hajiya Tazara. Suna zaton ban sani ba.

Bayan wata biyu wasiƙa ta zo daga Mama Saratu, ta ba wani direba ya kawo. Da tsohuwar tafiretarta ta buga. Ta ce ta isa lafiya, ƙafar da sauƙi, a gaishe da 'yan aji. Bayan kowace aya ta bar fili uku-uku. A can ƙasa ta ƙara da biro: "Ko da kin sake mantawa da su a gida."

Abin da na koya dai shi ne, in abu ya ɓace miki, ki fara tambayar 'yan cikin gidanki kafin ki ɗauki makirufo, kuma ki fara duba durowarki kafin ki tambayi 'yan gidan. Yanzu ko biki za ni da tabarau nake zuwa, alƙali ko ba alƙali ba. Amma dannawa, sau biyu nake yi. Numfashina ne, ba na Falmata ba. Wannan rubutun ma haka na buga shi, kuma in kuka ga tazarar ta koma ɗaya-ɗaya, ku bar Malam Modu ya sha iska, kun san wadda za ku tambaya.